Barney Tuckett da Rufin da Ya Ƙi Gyaruwa

Barney Tuckett bai taɓa yin kuka ba a rayuwarsa. Shi ya faɗa min da bakinsa, kuma ranar da yake faɗa ɗin gemunsa a jiƙe yake sharkaf, hancinsa ya yi ja kamar tumatirin da ya rasa mai saye. Na ce masa, "To, na ji." Me zan ce? Ɗan gabashin Landan ne, kuma mazanmu na wancan zamanin gara a kama su da kayan sata da a kama su da hawaye.

Ni ce Maud. A bayan labule na tsufa, ina sa wa 'yan wasa kaya ina tuɓe musu, ina ɗinke abin da suka yaga, ina jin abin da ba a so in ji. Maza uku na aura na binne, kuma duk cikinsu babu wanda ya ba ni dariya rabin wadda Barney ya ba ni, shi da ko hannuna bai taɓa riƙewa ba.

Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, ubansa ma haka. Da aka rufe tashar sai ya gangaro gidan wasanmu, don mu kullum muna neman wanda ya san igiya. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofa sai ka ɗauka an rufe ta. Tafin hannunsa kamar shebur. Maganarsa ba ta wuce uku: ƙwallo, ruwan sama, da lalacewar shayin zamani. Nasa shayin kuwa sai ya yi kaurin da cokali zai iya tsayawa a ciki ba tare da an riƙe shi ba. Bai san waƙa ba, bai damu da ita ba. Ya taɓa ce min duk mai rera waƙa a gaban jama'a aikin yi ne ya rasa.

Sai aka kawo mana wasan *Titin Gawayi*.

Ba sai na tsaya ba ku labarinsa ba, wanda bai gani ba ya ji a bakin surukarsa. Mutane suka yi ta zuwa cikin dogayen motoci daga arewa, wasu a jirgin sama daga Amurka da Japan, suna layi cikin ruwa tun safe. Wasan da kansa ba laifi, akwai rawa, akwai biki, akwai wani wawan ɗan sanda da ke faɗawa cikin ganga. Amma ba wannan ke kawo su ba. Waƙa ɗaya ce ke kawo su, ta bayan an dawo daga hutun shan ƙanƙara mai zaƙi, wadda ake kira "Ka Bar Laimarka."

Wai wata mata ce suka yi cacar baki da mijinta a kan karin kumallo, ya fita a fusace zai tafi aikin jirgin ruwa, ya manta da laimarsa. Ta bi shi da ita tashar jirgin ƙasa, ta tarar jirgin ya tashi. Bai sake dawowa ba. Duk shekara in sanyi ya shigo sai ta koma tashar ta tsaya, dusar ƙanƙara na zuba a kanta, ta rungume laimar a naɗe, tana cewa:

*Ka fita da sauri, ka bar laimarka,*
*Ban san wane ruwa ke dukanka ba.*

Ni dai da na fara ji na ce, baiwar Allah, namiji ya tafi ya bar miki laima mai kyau, ai ke kika ci riba. Nawa na biyu da ya mutu ko safa mai kyau bai bar min ba. Amma jama'a ba su bi ra'ayina ba. Da goge ya fara sai ka ji ana buɗe jakunkuna ana laluben hankici, kamar ɓeraye sun shiga rumbu.

Kada wani ya tambaye ni me ya hana ta buɗe laimar tunda abu na zubo mata. Ba a buɗe laima a ƙarƙashin rufi, kowa ya sani, balle a kan dandamali. Ba a yin fito da baki a bayan labule. Ba a yi wa ɗan wasa fatan sa'a. Wanda ya karya ɗaya daga ciki kuwa sai ya fita ta ƙofar baya, ya juya sau uku, ya tofa yawu, ya yi ashar, sannan ya ƙwanƙwasa ya roƙi a bar shi ya shigo. Na ga manyan mutane masu lambar girma sun yi, suna haki.

Aikin Barney shi ne dusar ƙanƙarar. Akwai wata siririyar gadar katako can ƙololuwa, daidai saman dandamali, da wani dogon buhu mai huji-huji cike da gutsattsarin farar takarda. Shi zai jingina da ƙarfen gadar ya riƙa girgiza buhun a hankali, takardar na sauka a kan mai waƙar. Ya iya, ba ƙarya. Kamar mai jijjiga jariri.

Mai waƙar kuwa Madam Verity Lorne ce, kuma ni ke shirya ta. Murya kamar an zubo zuma, hali kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ta rera waƙar nan har ta gaji da ita. Ta taɓa gaya min a wurin da 'yan kallo ke sheshsheƙa, ita lissafin abin da za ta dafa ranar Lahadi take yi.

Wata rana ta shigo ɗaki tana huci, ta ciro gashin aron da ke kanta ta wurga min.

"Maud! Duba min nan. Ruwa ne ko idona ne?"

"Ruwa ne, Madam."

"A tsakiyar kaina! Ina tsakar waƙa! Kira min Ashcombe."

Mista Ashcombe shi ne manajanmu, wani siririn mutum mai neman gafarar kujera in ya yi karo da ita. Ya zo, ya kalli gashin, ya kalli sama, ya ce tsohon gini ne, za a duba. Masu gyaran rufi suka zo, suka hau, suka liƙe abin da suka liƙe, suka shanye mana shayi, suka tafi. Washegari ruwa ya sake ɗiga. Suka dawo suka canza kwano. Ya ɗiga. Aka ce tattabaru ne, aka kawo wani mutum da shaho ya kore su, shahon ya yi kashi a kan hular mai gadi ya tafi. Ya ɗiga. Aka shiga wata bazara mai zafi da har hukuma ta hana ba furanni ruwa, sama ko gajimare babu, rufinmu bai fasa yoyo ba. Kuma rufin nan mai ladabi ne, ba ya yoyo lokacin rawa, ba ya yoyo lokacin ɗan sanda da ganga. Sai an zo "Ka Bar Laimarka."

Ran nan Madam ta ɗaga kai za ta ja dogon wurin nan da murya ke hawa sama, baki a wangale, ɗigo ɗaya ya faɗa ciki. Ta haɗiye shi, don ba yadda za ta yi. Da ta fito ta damƙe hannuna.

"Gishiri, Maud."

"Na'am?"

"Ruwan. Gishiri gare shi."

To, ruwa ba ya tsami banza. Ruwan saman Landan na san shi, hayaƙi gare shi da baƙin ciki, amma ba gishiri. A wasan rana na gaba na tattare siket na hau tsani, lokacin gwiwoyina suna jin maganata. Na leƙa gadar, sai ga Barney. Hannu ɗaya na girgiza buhu, ɗayan ya dafe ƙirji, leɓɓansa na bin waƙar kalma bayan kalma. Hawaye na gangarowa ta kumatu biyu, su shige gemu, su haɗu a tsininsa, su taru, su yi nauyi, su saki. Daga can har tsakiyar kan Madam Verity, ba kuskure, kamar an auna da igiyar magini.

Na jira aka gama tafi. Na ce, "Sannu da aiki, rufi."

Ya zabura har gadar ta yi ƙara. Ya goge fuska da hula.

"Ƙura ce, Maud."

"Ƙura."

"Takardar nan ƙura gare ta. Tana shiga ido."

"Kuma ita ke sa bakinka motsi?"

"Addu'a nake yi."

"Kai? Rabonka da coci tun ranar da aka ɗaura maka matarka Beryl a wuya."

Ya dube ni kamar karen da aka kama da tsiren maƙwabci. Na ce ya kwantar da hankalinsa, bakina alaikum. Kuma na riƙe, abin da ya ba ni mamaki ni kaina. Amma rana dubu ta ɓarawo. Shugaban masu gyaran rufi ya gaji da a kira shi maƙaryaci, ya ce shi zai kwanta a sama lokacin wasa ya ga ta inda ruwan ke shigowa. Ya kwanta, ya gani. Ya sauko ya sami Mista Ashcombe, lokacin ina ɗinke masa maɓallin kwat a jikinsa.

"Yallaɓai, rufinka lafiya lau," in ji shi. "Mutuminka ne ke yoyo."

Aka kira Barney. Ni kuwa na rage saurin allura, don maɓalli ɗaya in an so yana iya cin rabin yini.

Sai ku ga maza biyu na ƙasarmu suna son yin maganar kuka ba tare da sun ambaci kuka ba. Mista Ashcombe ya kalli tagar, Barney ya kalli takalmansa.

"Tuckett. Yaya iyali?"

"Lafiya, yallaɓai."

"Madalla. An yi zafi kwanan nan."

"An yi, yallaɓai."

"Ehem. Tuckett, an ce akwai ɗan... danshi a ɓangarenka."

"Ƙura ce, yallaɓai."

"Haka na zata. Haka na zata. Ƙura ba ta da kirki." Ya yi tari. "Sai dai Madam Lorne ta ce ko ita ko danshin. Ka ga kuwa sunanta ne a jikin allo. In ba a samu sauƙi ba zuwa ƙarshen wata, dole in mayar da kai ƙasa. Albashinka ba zai taɓu ba."

Ƙasa, wato ƙarƙashin dandamali, inda ake murza injin da ke juya shi. Ba a jin komai a can sai dirin ƙafafu da rugugin babbar ganga, kamar mutum na zaune a cikin cikin saniya. Na ga fuskar Barney ta zube. Da korarsa aka yi da ya fi sauƙi, ya tafi mashaya ya zagi manaja kamar kowa. Da muka fito ya tsaya a lungu yana murza hularsa.

"A can ƙasa ba a jin..." Ya tsaya. "Ba a samun iska, Maud."

"Na sani, ɗan nan. Iskar ce ke damunka."

Na ce bari in nemo tushen ciwon, don mutum ba ya zubar da ruwa haka kawai. Na sayi biskit na je wurin matarsa Beryl. Na zagaya na zagaya, na tambaye ta ko Barney ya taɓa rasa wani a teku, ko wata ta taɓa yaudararsa a tashar jirgi.

"Barney?" Ta ajiye butar shayi ta yi dariya har da tari. "Ranar da aka binne ubansa faranti biyu ya cinye, ya ja limamin coci gefe yana tambayarsa wa ya ci ƙwallo. Uwarsa na nan, ta fi ni lafiya, jiya ma ta zage ni. Karensa ya yi ƙiba har ba ya hawa bene."

"Laima fa? Ya taɓa ɓatar da wata?"

"Bai taɓa mallaka ba. Ya ce ta ma'aikatan banki ce."

Na dawo hannu rabbana. Na tsare shi a gindin tsani na ce ya gaya min gaskiya, wa yake tunawa?

"Ba kowa."

"To mene ne?"

Ya daɗe yana sosa gemu. "Kin san wurin nan da take hawa sama, ta tsaya, kamar za ta faɗo? Sannan goge ya biyo ta a hankali, kamar kare ya bi mai shi zuwa ƙofa?" Ya kawar da kai. "To, a wurin ƙurar ta fi yawa."

Shi ke nan. Ba gawa, ba tsohuwar budurwa. Waƙa ce kawai ta samu wata ƙofa a jikin ƙaton nan da shi kansa bai san da ita ba, take shiga ba sallama. Na ji mutane da yawa sun yi dogon Turanci a kan waƙar nan a rediyo, babu wanda ya kai shi faɗar gaskiya.

Muka shiga neman magani.

Da farko auduga. Ya toshe kunnuwa tam, idonsa ya bushe, amma bai ji lokacin da goge ya fara ba. Madam ta rera waƙarta kaf ba ko ƙwayar dusa. Sai da aka canza fage zuwa bakin teku, 'yan mata sun fito da kayan wanka suna rawar bazara, sannan Barney ya tuna aikinsa ya sake musu buhu guda.

Sai albasa. Dabarata ce, ba na musu. Na ce ya yanka ta kafin wasa ya zubar da duk abin da ke ciki, rijiya ta ƙafe. Ya zauna a lungu da buhun albasa yana yanka. Masu rawa suka shiga fagen biki suna hawaye kamar an aiko musu da mutuwa, ɗan sanda ya faɗa ganga yana jan majina. Da aka zo waƙar kuwa, ashe rijiyar Barney ido gare ta a ƙasa. Ranar Madam ta ce ruwan har yaji-yaji yake.

Sai ya ɗaura gwangwanin shayinsa a ƙarƙashin gemu da igiya. Wannan ya tare ruwan, gaskiya. Amma waƙar tana da wuraren da ake yin tsit, kuma a cikin tsit ɗin sai ka ji *ƙwal... ƙwal... ƙwal* daga sama, ba bisa kiɗa ba. Shugaban makaɗa ya yi ta harar mai ganga, mai ganga ya ɗaga hannuwansa biyu sama don a shaida ba shi ba ne.

Na ƙarshe uwarsa ce ta jawo. Ya tambaye ta, wai don wani abokinsa, me ke hana ido ruwa. Tsohuwar ta ce ba a haɗa kuka da fito. Barney bai yi shawara da ni ba. Madam na hawa sama sai ga fito ya sauko daga gadar, siriri, yana bin waƙar, har da ɗan ado. Fito! A gidan wasa! Wata mai rawa ta suma, mai jan labule ya yi alamar gicciye da hannun da bai dace ba. Ana sauke labule aka taru a kansa aka tura shi ƙofar baya. Ga mutane sun yi layi a lungun suna jiran Madam ta sa musu hannu a takarda, sai suka ga an turo wani ƙato mai jan ido, ya juya sau uku kamar injin wanki, ya tofa yawu, ya saki wata ashar ta tashar jiragen ruwa da ta sa wata mata ta rufe wa mijinta kunne, sannan ya ƙwanƙwasa a hankali ya ce, "Don Allah a bar ni in shigo."

Wata ya zo ƙarshe. Wasan da ya rage shi ne na ranar Laraba da rana, wanda tsofaffin mata irina ke cika shi, sun zo da jakunkuna da alewa. Mista Ashcombe ya zo ya tsaya kusa da ni a gefen labule, ya ce yau zai gani da idonsa. Madam kuwa ta sa sabon gashin aro da aka kawo mata daga Faransa, ta ce duk ɗigon da ya taɓa shi, ranar za a ga abin da ba a taɓa gani ba.

Na tambayi Barney wace dabara ta rage.

"Babu. Zan riƙe."

"Da me?"

"Ni namiji ne, Maud."

"Allah ya ba da sa'..." Na kama bakina da hannu kafin in ƙarasa, saura ƙiris ni ma in sha juyi a lungu.

Goge ya fara. Dusa ta fara sauka, lallausa. Baiti na farko, ba ɗigo. Na leƙa sama na hango shi ya cije hularsa, ya rungume ƙarfe, fuskarsa ta koma kalar jan kabeji. Baiti na biyu, ba ɗigo. Mista Ashcombe ya fara murmushi.

Ni kuwa sai na ji wani abu da ya fi yoyo muni: ƙarar takardar alewa. Nan *ƙaras*, can *ƙaras*. In tsofaffin Laraba suka fara ɓare alewa a tsakiyar waƙarka, ka mutu, saura a binne. Na saurari Madam da kyau, sai na gane. Rawar muryar nan da jaridu ke yabo, suna cewa daga ƙasan zuciya take fitowa, ashe fushi ne. Duk watannin nan tana rera waƙar ne tana jiran ɗigo, tana tafasa. Yau da aka bar ta lafiya sai ta koma lissafin girkin Lahadi, tana rera wa mijin da ya ɓata kamar mai karanta jadawalin bas.

Ita ma ta ji alewar. Na ga wuyanta ya miƙe. Verity Lorne za ta yafe maka zagi, ba za ta yafe maka alewa ba. Da ta zo wurin hawan nan sai ta tattaro duk abin da Allah ya ba ta, ta hau, ta tsaya a can kamar za ta faɗo, ta daɗe fiye da yadda ta taɓa daɗewa. Goge ya biyo ta a hankali.

Madatsar Barney ta ɓalle.

Ba ɗigo ba ne wannan karon, abin da ya tara tun farkon waƙar ne ya sauko gaba ɗaya. Ya haɗa da wani irin gunji daga ƙasan ciki, dogo, mai kauri, *huuuuu*. Madam ta ji na farko a goshi, ta tuna gashin Faransa, hannunta ya riga hankalinta. *Fat!* Ta buɗe laimar.

A kan dandamali. A ƙarƙashin rufi.

Duk wanda ke bayan labule ya daina numfashi. Shugaban makaɗa ya sandare da sandarsa a sama, makaɗa suka yi shiru. Ita kanta Madam ta tsaya ido waje, ta san abin da ta aikata. A cikin wannan shirun sai aka ji *taf... taf-taf... taf* a kan laimar, da gunjin nan can sama yana raguwa, sak jirgin ƙasa da ya yi nisa.

'Yan kallo ba su san da Barney ba. Abin da suka gani shi ne matar da ta yi shekaru tana rungume da laimar mijinta a naɗe, tana ajiye masa, yau ta haƙura ta buɗe ta shiga ciki. Madam, da yake tsohuwar kura ce, ta shaƙi abin a iska. Ta sassauta murya ta ƙarasa baitin ƙarshe ita kaɗai, ba kiɗa, ruwa na taf-taf a kanta.

Ban taɓa jin kuka irin na ranar ba. Tsofaffin nan suka yi ta rusa shi, alewa na faɗowa daga baki. Direbobin da suka kawo su, waɗanda suka saba barci a kujerun baya, suna fyace hanci a hula. Na waiga na ga Mista Ashcombe ya cire tabarau yana goge ido.

"Ƙura, yallaɓai?" na ce.

"Ƙwarai, Maud. Ya kamata a share wurin nan."

Tafi bai hana hukunci ba. Ana gamawa 'yan wasa suka tare Madam, suka ce doka ba ta san tauraruwa ba. Ta fita lungu da gashin Faransa da komai, ta juya sau uku, ta tofa, ta yi wata ashar da ko Barney sai da ya sunkuyar da kai. Ni ke riƙe da ƙofar. Ta ƙwanƙwasa.

"Wane ne?"

"Maud, buɗe ƙofar nan kafin in ci mutuncinki."

"Ban ji 'don Allah' ba, Madam."

Na daɗe ina jiran wannan ranar.

Bayan ta shigo aka taru a ɗakinta. Barney na tsaye a bakin ƙofa, ya riga ya ɗauko gwangwanin shayinsa da kwat, ya shirya sauka ƙasa. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Mista Ashcombe ya ce abin ya yi kyau matuƙa, za a riƙa yin haka kullum, zai sa a ja siririn famfo a sama. Shi kuwa Tuckett, magana magana ce, an yi danshi.

Madam na zaune gaban madubi tana goge kwalli. Ba ta ko waiga ba.

"Famfo ya san inda zan ja numfashi?"

"A'a, Madam, amma..."

"Famfo zai yi min kukan jirgi?"

"Ai Tuckett ne ya..."

"Wane Tuckett? Ina ruwan Tuckett a ciki? Mutumin nan dusa yake zubawa." Ta juyo ta kafe shi da ido. "Rufi ne ke yoyo, Ashcombe. Kai ka faɗa da bakinka, tsohon gini ne. Kuma duk wanda ya sake taɓa min rufi, sai ya nemi wata ta rera masa."

Mista Ashcombe ya kalli sama, ya kalli ƙasa. "Haka ne," ya ce. "Tsohon gini ne."

Barney ya mayar da kwat ɗinsa kan ƙusa. "Na sha faɗa muku," in ji shi. Na ɗora ruwan shayi.

Haka aka ci gaba har wasan ya tashi daga gidanmu, kuma ya daɗe bai tashi ba. Kullum Barney na kan gadarsa, kullum rufi na yoyo a kan lokaci, kullum Madam na buɗe laima, kullum kuma sai ta fita lungu ta juya ta tofa, don ba wanda zai yarda a kwana da wannan a gida. Har mutane suka gane, suka riƙa barin kujerunsu da wuri don su samu wurin tsayawa a lungun. Waɗanda suka gaje ta ma duk sun yi, wata cikinsu ta fi iya tofin da waƙar. Da aka kai wasan Amurka famfo suka sa, da ƙaho na lantarki. Waɗanda suka ga duka biyun sun ce ba laifi, amma kamar shayin da aka yi da ruwan ɗumi.

Babu wanda ya taɓa furta kalmar a gaban Barney, har ya ajiye aiki, har ya kwanta dama. A jana'izarsa Beryl ta sa aka kunna waƙar a coci. Na matsa kusa da ita na ce ashe ta sani.

"Ni ke wanke masa riguna, Maud. Kin ɗauka ban san gishiri ba?" Ta gyara hula. "Amma bai taɓa kuka ba."

"Ko sau ɗaya," na ce.

Aka zo wurin hawan, goge ya biyo a hankali. Na duba bencin baya, inda tsofaffin 'yan dako da masu jan igiya suka jeru cikin kwat ɗin da ya yi musu kaɗan. Gaba ɗayansu sun ɗaga kai suna kallon sama, fuska a jiƙe, suna girgiza kai kamar masu takaicin aikin magina. Limamin cocin, bawan Allah sabon zuwa, ya bi idonsu ya kalli sama shi ma, hankali a tashe. Kafin mako ya zagayo ya kira masu gyaran rufi.